Wa ke da makarantar firamare?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka, a matsayina na wanda ya yi koyarwa a firamaren gwamnati har ya yi ritaya yana hedimasta.

Duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi, abin da kuke bugawa shi ne kason da aka ware wa ilimi. Ba laifi. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma ta ware wa fannin kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta, abin da ya zarce kashi 15 zuwa 20 da UNESCO ke ba da shawara. Wannan abin yabo ne. Amma akwai tambayar da nake so ku riƙa yi bayan an gama tafi: cikin wannan kuɗi, nawa ya shiga hannun makaranta? Kuma idan yaro ya gama aji shida bai iya karanta sunan unguwarsu a jikin allo ba, wa za a kama?

Dubi yadda tsarin yake. Dokar UBE ta 2004 ta ce a ware kashi 2 cikin 100 na asusun tara kuɗin shiga na tarayya don ilimi a matakin farko. Kuɗin yana hannun UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, a Abuja, kuma jiha ba ta samun babban kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Shekara da shekaru ana jin biliyoyin naira na kwance saboda wasu jihohi ba su ajiye ba. Idan kuɗin ya fito, SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ke ba da kwangila. Albashin malami kuwa daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ke tura malamai. Hedimasta, wanda shi ke wuni da yaran, a yawancin makarantu ba a ba shi ko kuɗin alli. Da can ɗan abin da iyaye ke haɗawa ta PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, shi ke sayen rajista da tsintsiya, ya gyara famfo. Aka ce ilimi kyauta ne, aka hana karɓa, kuma ba a kawo madadinsa ba. Na ga malamar da ke sayen alli da kuɗin cefanenta.

Saboda hannuwa sun yi yawa, kowa na da wanda zai nuna wa yatsa. Mun gani a Abuja a 2025, inda malaman firamare suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ƙananan hukumomi na cewa ba su da kuɗi, yara na zaune a gida. A babban birnin ƙasa ke nan. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma tsofaffin malamai irina ba mu manta da zamanin da ake yin watanni ba albashi a hannun ƙananan hukumomin ba, don haka murnarmu da saura.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake son gini. Gini yana da kwangila, ana yi masa fenti, ana yanka kirtani, a ɗauki hoto. Karatun yaro ba ya fitowa a hoto. Sai ka ga sabon bulo na azuzuwa mai kyau, a ciki yara fiye da ɗari a ƙasa, malami ɗaya, ba littafi. A irin wannan aji malami tsaron yara kawai yake yi har a tashi. UNICEF ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan shekara 10 ba sa iya karanta jimla mai sauƙi su fahimta, kuma da yawansu kullum suna sanye da yunifom. Idan sakamakon WAEC ko JAMB ya fito da muni sai a yi ta zargin sakandare, alhali ɓarnar tun daga aji biyu ta faro.

Mu ma malamai ba a wanke muke ba. A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, sama da 21,000 suka kasa samun makin da aka gindaya. Ana iya jayayya a kan yadda aka sallame su, amma a tambaya ma: wa ya ɗauke su aiki tun farko, kuma da takardar wa suka zo?

Buƙatata ba ta da tsada. Kowace makaranta a buɗe mata asusu, a riƙa saka mata ɗan kuɗin gudanarwa kowane zango, hedimasta da shugaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su sa hannu tare, a liƙa lissafin a bangon ofis inda mai unguwa da iyaye za su gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan a ƙarshen aji uku a gwada kowane yaro a karatun Hausa da lissafi, a fitar da sakamakon makaranta bayan makaranta, sakataren ilimi ya amsa tambaya a kai.

Ku kuma 'yan jarida, idan an gayyace ku buɗe sabon gini, don Allah wakilinku ya tafi da littafin aji biyu a aljihu, ya nemi izinin hedimasta, ya miƙa wa ɗan aji biyar ya karanta masa shafi ɗaya. Abin da ya ji, shi ma a buga mana.

Wassalam.

Tsohon hedimasta,
daga Kano.