Tun da Baba ya yi ritaya mun rasa gane kansa

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga Aboabo nan Kumasi nake rubuto miki kan maganar mahaifinmu, dan Allah a sakaya sunana.

Baba hedimasta ne a makarantar gwamnati, duk unguwa Masta ake ce masa har limaminmu. Da ya cika shekara 60 aka ba shi takardar ritaya kamar kowane ma'aikacin gwamnati, alhali wallahi da ƙarfinsa ko sanda ba ya riƙewa. Ba maganar kuɗi ba ce, fanshonsa na SSNIT, hukumar fansho ta Gana, na shigowa duk wata, yayyena ma na turo masa. Mutumin ne ya dushe. Har yanzu bayan asuba sai ya goge riga ya sa takalmi sau ciki ya zauna ƙofar gida yana kallon yara suna wucewa da yunifom, in wani bai gaishe shi ba to ranar yini zai yi yana maganar, wai yanzu an maida shi ba kowa ba, abinci ma sai ya taɓa kaɗan ya ture. A cikin gida kuma mu ne muka koma 'yan makarantarsa, Mma ta makara da koko faɗa, jika ya ɗaga murya faɗa.

Amininsa yana sayar da kayan mota a Suame Magazine, ya ma girme shi, amma kullum yana shago yara na kawo masa lissafi. Ɗan kasuwa ai ba mai rubuto masa takarda ya ce yau ka gama, sai dai jiki ya gaya masa. Ina jin wannan na ci wa Baba rai, don ya daina zuwa wurinsa hira gaba ɗaya.

Babban yayanmu ya ce a buɗe masa ɗan shago, Baba ya ji haushi sosai, wai shi za a sa awon sikari. Ni kuma tunanina in sami liman a asirce in roƙe shi ya nemi Baba ya riƙa yi wa yaran unguwa darasi kafin jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare, ya zama kamar su suka neme shi. Amma Mma ta ce in ya gano ni na ƙulla zai ga tausayinsa ake ji, abin ya fi da lalacewa.

Hajiya in yi hakan ko in zauna da shi in faɗa masa abin da muke gani? Ta ina 'ya mace za ta fara irin wannan magana da ubanta bai ga raini ba? Rashin cin abincin nan kuma ya kai mu kai shi asibiti?

'Yarki daga Aboabo