Amsar tambayar Baba kan allunan Rumawa

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Kun tambaya yadda itace zai shekara kusan 1,900 a ƙasa bai ruɓe ba, har a karanta abin da ke kansa.

Sunan wurin da aka tono allunan Bindolanda, sansanin sojan Rum ne a arewacin Ingila, kusa da ganuwar da Sarki Hadiriyan ya sa aka fara ginawa a 122 Miladiyya. Duk sa'ad da za su sabunta sansanin, sai su rushe tsohon ginin, su danne shi da yumɓu da ƙasa mai ciyawa, su ɗora sabo. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, iska ba ta ratsa ta, ƙwayoyin da ke cin itace da fata kuwa sai da iska suke aiki.

A 1973 Robin Birley, wani masanin tonon kayan tarihi, ya tono allo na farko. Allunan ba su wuce faɗin tafin hannu sosai ba, kaurinsu milimita 1 zuwa 3. Tawadar baƙin gawayi ce da ƙaro da ruwa, kusan irin wadda almajiranku ke haɗawa. In an gama rubutu a ninke allon biyu, a ɗaure da zare, a sa sunan mai karɓa a baya.

Wahalar tana farawa ne bayan an tono. Da iska ta bugi itacen sai ya yi baƙi, rubutun ya ɓace wa ido, sai an ɗauki hotonsa da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, kafin haruffan su fito. In aka bar shi ya bushe da kansa, lanƙwashewa zai yi ya tsage. Saboda haka a jiƙe ake ajiye shi, sannan a tsoma shi cikin sinadarin metanol, daga nan wani sinadarin da ake kira ita (ether), su janye ruwan a hankali. Ƙasar ma da hannu ake marmasa ta, don shebur yana yanka allunan.

Akwai takardar da Kalaudiya Sebera ta aika wa ƙawarta tana gayyatarta bikin ranar haihuwarta, 11 ga Satumba. A wata kuma an sanar da wani soja an aiko masa safa da takalma da ɗan kamfai biyu. Wanda ya san sanyin wannan yanki ba zai raina wannan saƙo ba.

A gaida min Kawu da su Yaya. Allah Ya ƙara muku lafiya.

Ɗanku, daga Niyukasil.