Ƙasa Daban, Gwamnati Daban

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta nuna mini abin da ka rubuta wa abokinka, inda ka kira shi maci amanar ƙasa don ya soki sabuwar dokar gwamnati. Maganar ta tsaya mini a rai.

Kishin ƙasarka yana faranta mini, ni na dasa maka shi. Amma gwamnati 'yar haya ce, wa'adinta na cika za ta kwashe kayanta ta ba wasu wuri. Wanda ya ce mata rufi yana yoyo bai ƙi gidan ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ji hujjarka ba, taken jam'iyya kawai ka maimaita. Shi take an yi shi ne don ya yi daɗin rerawa a taro, kalma uku ko huɗu, ba ya barin gurbin tambaya. Na ga ɓarnarsa da idona. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Shugaba Bush ya ce wa duniya ko ana tare da Amurka ko ana tare da 'yan ta'adda. Ranar 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka cika titunan Landan, Rum da sauran birane suna cewa kada a yaƙi Iraƙi. A wata mai bi aka shiga yaƙin, makaman ƙare-dangin da aka fake da su kuwa ba a same su ba. A 2016 kwamitin Chilcot, wanda Birtaniya ta kafa don binciken yaƙin, ya ce ƙasar ta shiga tun ba a ƙure hanyoyin sulhu ba. Wa ya fi ƙaunar ƙasarsa a nan, mai amshi ko mai tambaya?

Muhammad Ali ma, ɗan damben Amurka, da ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967 an ƙwace kambunsa na dambe, an zage shi. Shi aka miƙa wa wutar Olamfik a Atlanta a 1996.

Kada ka ɗauka ina tura ka adawa ne. Su ma 'yan adawa suna da nasu taken, kuma yana rufe ido kamar na gwamnati. Ka nemi dokar nan ka karanta da kanka, ka ga wa za ta amfana, wa za ta ƙuntata. In ka gamsu da ita, kare ta da hujja, ba da zagi ba.

Shi kuwa abokin naka, ka kira shi yau ka ba shi haƙuri. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka