Ku Sa Hannu Ku Duba Kaza Kafin Ku Biya

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili, daga nan Maiurno ta jihar Sinnar a Sudan nake rubuto muku.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mata da yawa a nan kiwon kaji muka kama, ko ba komai yara su samu ƙwai. Ranar kasuwa na sayi kaza biyu, mai su yana ta rantsuwa wai sagaru ne, wata uku ina zuba musu dusa da dawa ƙwai shida kacal na gani, wallahi abin ya ci min rai. Inna ce ta ɗaga guda ta juya ta, ta ce "'yar nan ai wannan ta kusa jika da ke a kaji, dubi ƙafarta."

Ƙafar sagara sumul take, ta tsohuwa kuwa kaushi da ɓawo mai kauri, wata har ɗan ƙaimi ya fito mata, amma fa ciwon ƙafa ma yana sa kaushi don haka kar a tsaya nan. Inna ta kama yatsuna ta ɗora min ƙarƙashin wutsiya inda wasu ƙasusuwa biyu suke, ta ce in yatsa biyu ko uku sun shiga tsakani to tana kan yin ƙwai, in ɗaya ne da ƙyar ko dai bata fara ba ko ta daina. Tawa ɗaya ne, ƙashin ma ya yi tauri, ga zankonta ya yamushe ya koɗe, alhali mai yin ƙwai nata jawur yake da ɗumi.

Kajin gona masu ƙafa rawaya su kuma launin ne ke tona asiri, rawayan yana bin gwaiduwar ƙwan da take yi yana tafiya, baki ya yi fari cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi da fara ƙwai, ƙafa kuwa sai kazar ta yi watanni tana yi. Masu gona kan sayar da su in sun kai kamar shekara ɗaya da rabi, kuma suna ƙara yin ƙwai, sai dai duk shekara raguwa yake.

Baladi tamu ta gida dama sai wajen wata 6 ko 7 take farawa, ta yi ƙwai 10 zuwa 15 ta hau kwanci kwana 21. Ni bance kar a sayar da tsohuwa ba, tana da daɗi a miya, amma ku ji tsoron Allah ku faɗa mana gaskiya mu biya kuɗin tsohuwa.

Taku, wata mai karatu, Maiurno, Sudan.