A yi mana bayanin iskar shamal da tashar Bushehr

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni direba ne a Dammam ta Saudiyya, shekarata 14 a nan. A watan Yunin 2025, lokacin da Isra'ila da Iran ke musayar wuta, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Rafael Grossi, ya yi gargaɗin cewa in aka bugi tashar nukiliya ta Bushehr da ke Iran, gubar da za ta fita ba kaɗan ba ce. Na ji labarin a shirinku, sai dai ba wanda ya taɓo maganar iska, kuma ita ce ta hana ni barci. Tsakaninmu da Bushehr bai kai kilomita 300 ba, teku ne kawai ya raba mu.

Duk wanda ya yi bazara a nan ya san shamal, iskar nan mai ƙura da ke tasowa daga arewa maso yamma. Da asuba zan goge gilashin mota tas, kafin azahar ina iya rubuta sunana a kai da yatsa. Ƙurar nan daga Iraƙi take tasowa. Iskar da ta iya ɗauko ƙasa daga can, me zai hana ta ɗauko abin da ido ba ya gani? Shamal kan nufi kudu maso gabas ne, wajen Katar da Daular Larabawa, amma iska ba ta da alƙawari, takan juya.

Abin da ya faru ke nan a haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan a Maris 2011. An kwashe mutanen da ke cikin kilomita 20, yawancin gubar kuma ta bi iska zuwa teku. Ranar 15 ga wata iska ta juyo cikin ƙasa, ruwan sama da dusar ƙanƙara suka sauke gubar a ƙauyen Iitate, kusan kilomita 40 daga tashar, inda ake ganin ba komai. Daga baya su ma sai da suka tashi. A haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine ma, a 1986, ma'aikatan wata tasha a Sweden ne suka gano gubar ta iso wurinsu bayan kwana biyu, da nisan sama da kilomita 1,000. Sinadarin cesium-137 da ke cikin irin wannan guba kuwa sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu.

Mu Hausawa ba baƙin wannan magana ba ne. Iyayenmu sun ga yadda hankali ya tashi a 1960 da Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya, ana tsoron abin da iskar hunturu za ta kwaso, har Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a 1961.

Roƙona, ku gayyato masanin yanayi ya yi mana bayani da Hausa. Akwai 'yan'uwanmu mata masu aikatau a gidaje waɗanda ba sa karanta saƙon gargaɗi na Larabci da ke shigowa waya. A gaya musu su shige ɗaki, su rufe tagogi, su kashe duk na'urar da ke jawo iskar waje. A kuma faɗa mana makomar ruwan sha, tunda daga tekun nan ake tace shi a garin Jubail da ke kusa da mu.

Naku mai sauraro,
daga Dammam, Saudiyya