Barka da Sallah daga Hanoba, da Bayanin Goron Sallar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Inna, Yaya da mai ɗakinsa, Goggo, da kai Auta, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya jiƙan magabatanmu. Ina fata kun sauko Idi lafiya, zafin Garwa kuma bai hana Baba zagayen gaishe da 'yan'uwa ba.

Nan ma lafiya lau. Jamus ba ta ba da hutun Sallah, daga cikin hutuna na shekara na ciri ranar yau. Mun yi Idi a wani babban zaure da Turkawa suka kama haya, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Gana da 'yan Nijar. Ana idarwa kowa ya kama gabansa, ba kakaki ba dawaki. Bayan azahar mu 'yan arewacin Kamaru muka taru a ɗakin ɗaya daga cikinmu, aka dafa shinkafa da kaji, wani ya jiƙa folere da ya ƙullo tun daga gida. Ya yi daɗi, amma Inna, babu abin da ya kama ƙafar cincin ɗinku a nan.

Kuɗin ɗinki da na yara Yaya ya ce sun iso, alhamdu lillahi. Saura maganar Auta, kuma da gangan na sa ta a wannan takarda da za a karanta a gaban kowa, don Baba su ji dalili daga bakina. Na san idan suka ji cewa abin da za a ɗora a kunne ya haura Yuro 300, wato wajen jaka 200 na Sefa, za su ce ai wannan rago ne sukutum. Gaskiyarku ne, Baba. Sai dai yaron nan duk tsawon azumi shi ke naɗar tafsirin masallacin unguwa, ya kwana gaban kwamfuta yana gyaran murya, ya tura wa mutane a WhatsApp kafin sahur. Har mu da ke nan shi muke saurare. Hedfon a wurinsa kayan sana'a ne, kuma ya sha yi mini kukan cewa wanda yake da shi yana sa masa ciwon kai da ƙugin kunne.

Auta, na ga hotunan hedfon ukun da ka turo. Ban sayi ko ɗaya daga cikinsu ba, ka saurara ka ji dalili kafin ka ɓata rai.

Da haz ake auna kauri ko sirantar sauti, yawan haz yawan sirantarsa. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000, idan yana da ƙuruciya da lafiya. Amma ba daidai yake jin su ba. Ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautin da ke wajen haz 3,000 ƙarfi, shi ya sa kukan jariri ke ratsa mutum haka. Daga haz 5,000 zuwa wajen 8,000 kuma nan ne shewar “s” da “sh” take zaune, da ƙarar ƙarfe in ya haɗu da ƙarfe. Masu ƙera hedfon da yawa suna ɗaga wannan yanki, don in ka sa shi a shago ka ji komai ya fito tar, har numfashin mai karatu da motsin leɓensa. Sai ka ce lalle wannan shi ne mai kyau. Irin farar tocilan nan ce da ake sayarwa a kasuwa: kana kunnawa ka ga har ƙwayar yashi, amma ka karanta shafi biyu da ita ido ya fara ruwa. Wanda zai zauna da abu a ka tun bayan tarawi har dare ya raba, ba da minti biyar na shago zai auna ba.

Na farkon da ka nuna, DT 990 na kamfanin Beyerdynamic da ke garin Hailburon a nan Jamus, ƙarfe ne mai ƙarko, ga daɗin sawa, kuma akwai masu son sa sosai. Amma masu auna sauti sun daɗe da nuna cewa yana da tudu a wajen haz 8,000, daidai inda kai kake kuka da shi. Na biyun, HD 800 na Sennheiser da ya fito a 2009, shi ma an san shi da tsini a wajen haz 6,000, har daga baya kamfanin ya fitar da HD 800 S da ɗan abin da ke tsotse wannan tsinin. Kuɗinsa ya wuce Yuro 1,000, wannan kam sai ka yi naka arzikin. Na ukun, LCD-2 na Audeze daga Amurka, sautinsa mai taushi ne, babu kaifi ko kaɗan. Ba a nan gizo ke saƙar ba: nauyinsa ya haura rabin kilo. Ka ɗora rabin kilo a ka, ka sunkuya kan kwamfuta awa uku, wuyanka zai ba ka labari.

Ga yadda na gwada, kai ma ka riƙe dabarar don gaba. Akwai babban shagon kayan sauti a cikin gari da ke barin mutum ya zauna ya saurara. Ban je da kiɗa ba, na je da naɗin da kai ka yi. Na fara da Suratun Nasi, don kowace aya a cikinta da harafin sin take ƙarewa, kuma ka san malamai na tajwidi suna kiran sin da sad da zayi haruffan shewa. A wani hedfon mai tsada da na sa, duk ƙarshen aya sai na ji kamar an tsira mini tsinke, har kafaɗata na ɗagawa ba da saninta ba. A wani kuma sin ɗin ta fito sarai, ka ji ta, ta wuce abinta, muryar malam tana nan cike a tsakiya. Daga nan na sa naɗin hawan Sallar bara a ƙofar fadar Lamiɗo, inda algaita ta yi sama kakaki ya biyo ta. Algaita dama mai kaifi ce, in hedfon ya ƙara mata nasa sai ka cire shi dole. Abu na ƙarshe, na kula ƙarar kowanne ta zo ɗaya, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi, ko da bai fi ba.

Wanda na tsaya a kansa shi ne Sennheiser HD 650. Tsohon ƙira ne, tun 2003 yake kasuwa, yayansa HD 600 kuma tun 1997, kuma har yau ana ƙera su ana saye. Hedikwatar kamfanin ma tana nan kusa da mu, a wani gari da ake kira Wedemark, arewa da Hanoba. Nauyinsa giram 260 ne kawai. Sosonsa na karammiski ne, ya kewaye kunne gaba ɗaya bai danne shi ba. Na guji masu soson fata saboda na san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: kafin ka gyara karatu ɗaya gumi ya cika maka kunne, fatar kuma ta fara saɓulewa.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Ranar farko za ka ce sautin kamar an rufa masa mayafi, musamman da yake kunnenka ya saba da mai kaifi. Ka ba shi mako guda kafin ka yanke hukunci. Ba shi da dukan ƙirjin nan da samari ke so a kiɗan biki. Bayansa kuma a buɗe yake, raga ce kawai, wato na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji kukan akuyar Goggo da injin niƙan maƙwabta. Saboda haka ba na zuwa masallaci ba ne, don makirfo zai iya kwashe abin da ke fita daga cikinsa. Ka bar tsohonka don naɗi, wannan na gyara ne a ɗaki.

Akwai ribar da ba za ka gani ba sai ka fara aiki. Mai gyara da hedfon mai kaifi yakan yi ta rage sautin sama don ya huta, sai naɗin ya fito a dushe a wayoyin mutane. In abin da ke kunnenka bai ƙara gishiri ba, abin da ka ji shi za su ji, ko kusa da haka.

Hedfon ɗin yana da om 300 (om ma'aunin yadda abu ke turje wa wutar lantarki ne), wato yana son wuta fiye da abin da ramin waya ke bayarwa. In ka jona shi kai tsaye zai yi magana, amma a sanyaye. Na haɗa maka da ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, da ake soka wa kwamfuta ta USB, ba ta buƙatar soket, ko an ɗauke wuta tana aiki da batirin kwamfutar. Shi kuma hedfon ɗin in yana sabo yakan matse kan mutum, ballantana kai mai tabarau. Ka jera littattafai daidai faɗin kanka ka ɗora shi a kai ya kwana, zai saki. Kada ka kama robar sama ka lanƙwasa da hannu, tsagewa take yi. Wayarsa ana cire ta, soson ma haka, kuma na sa maka soso na biyu a kwalin, don in ya kwanta sauti ma canzawa yake. In hunturu ya shigo da ƙurarsa, ka riƙa mayar da shi cikin kwali ko ka naɗe shi a tsumma mai tsabta.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma Inna ku sa masa ido a kai. Sauti mai taushi yana yaudarar mutum ya yi ta ƙara murya, tun da ba ya jin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), in ƙarar ta ƙaru kuma lokacin raguwa yake yi da sauri. Ni a wurin aikinmu na rarraba kaya, dole ake sa mu toshe kunne a ɓangaren injina. Ƙugin nan da kake ji bayan aiki gargaɗi ne, kuma abin da ƙara ta kashe a cikin kunne ba ya dawowa. In Inna ta kira ka daga tsakar gida ba ka ji ba, alhali bayan hedfon ɗin a buɗe yake, to ka wuce gona da iri.

A nan in ka sayi kaya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka mayar. Kai ba ka da wannan dama a Garwa, shi ya sa na zaɓi wanda ba a san shi da cizon kunne ba, maimakon wanda zai burge ka rana ɗaya. Wani ɗan garinmu zai taho da shi bayan sati biyu. Yawunde zai sauka, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan mota. Yaya zai sanar da kai ranar da za ka tare shi a tasha. A cikin jakar akwai man zafin gwiwar Baba da mayafin Inna da na Goggo, kada a manta da su saboda ɗokin kwali.

Kuma Auta, ba na aro ba ne. Duk abokin da ya zo da zancen biki ko suna, ka ce Yayanka na Jamus ya hana. In ka naɗi hawan bana ka turo mini, ka tsaya nesa kaɗan da masu algaita.

A gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni. Baba, Inna, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku,
daga Hanoba, Jamus.