Wasiƙa zuwa ga abokina a Jidda, kan maganar waken suyan gonarku

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jidda, ya zafi, ya aiki? Da fatan kana lafiya kai da abokan zama. Nan gida kowa ƙalau, Baba da Hajiya suna gaishe ka, kuɗin da ka turo kuma sun shigo, Allah Ya ƙara buɗi.

To maganar gonarku ta bayan gari ce ta sa na zauna na rubuto maka wannan dogon saƙo, don na san a waya ba za ka bari na kai ƙarshe ba. Ka ce a kwashe kuɗin gaba ɗaya a sayi yuriya da kamfa a raba wa masara da waken suya. Masara ban ja ba, tana buƙata, amma waken suya wallahi ban goyi bayan a zuba masa yuriya ba, da tsadar da taki ya yi tun 2022 zuwa yau ai zubar da kuɗi ne kawai, shi wannan shuka Allah Ya hore masa hanyar samun nasa abincin daga iska in dai ya samu abokan aikinsa a cikin ƙasa.

Ka ga iskar nan da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, wato ainihin sinadarin da muke saye a buhun yuriya, sai dai shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, ana ce musu rizobiya, su ne suke shiga saiwar wake su yi 'yan ƙullutai su zauna a ciki, shukar tana ciyar da su da suga, su kuma suna kamo naitirojin su mayar da shi abin da za ta iya sha. Wake da gyaɗa namu na gida galibi suna samun nasu a ƙasarmu tun kaka da kakanni. Shi waken suya baƙo ne, asalinsa daga can Sin, irin ƙwayoyin da suka fi dacewa da shi ba su da yawa a gonakinmu, musamman gona irin taku da ba a taɓa shuka shi ba. Shi ya sa ake haɗa masa su a jikin iri kafin a shuka.

Wanda aka fi sani a nan shi ne Nodumax, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi, baƙin gari ne a 'yar leda, giram 100 ya ishi iri kilo 10. Tun zamanin shirin N2Africa da aka fara a 2009, wanda jami'ar Wageningen ta Holan ta jagoranta tare da IITA, aka yi ta gwada wannan abu a gonakin manoma a Kano da Kaduna da Borno, ba jiya aka fara ba. Kuma in kana ganin abin talakawa ne, Barazil da ta fi kowa noman waken suya a duniya da wannan hanya take noma shi, ba sa zuba masa yuriya, har wata mai bincike tasu Mariangela Hungria ta ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2025 saboda aikin da ta yi shekara da shekaru a kan ƙwayoyin nan.

Na ga yadda ake haɗawa a wurin wani maƙwabcinmu, ba wani wuya. Ya jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya bari ya huce, ya zuba irin a baho ya yayyafa ruwan ƙaron ya juya har kowace ƙwaya ta yi ɗan danshi, sannan ya barbaɗa garin ya ci gaba da juyawa a hankali da hannu kar ɓawon ya saɓule, sai ga iri ya koma baƙi-baƙi. Ya baza a kan buhu a inuwar darbejiya ya sha iska kaɗan, a ranar kuma aka shuka a ƙasa mai laima. Nan ne fa mutane suke ɓata abin, sun manta cewa mai rai ne a cikin ledar nan. Ka bar shi a rana ko a cikin but ɗin mota ya sha zafi, ko ka sayi wanda kwanansa ya wuce, ko ka cakuɗa shi da taki a kwano ɗaya, to ka kashe su, sai ka dawo kana cewa yaudara ce. Shi ya sa in zan saya sai na duba kwanan wata a jikin ledar, na kuma ga inda mai shago ya ajiye shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya dubawa da idonka. Da shuka ta fara fure sai ka tona gindi ɗaya da fartanya, kar ka fizge don ƙullutan za su tsinke, ka wanke saiwar ka fasa ɗaya da farce. In cikin ja ne kamar danyen nama to aiki suke yi, in fari ne ko kore to ba sa komai.

Amma kar ka ɗauka garin nan ya maye gurbin taki gaba ɗaya fa. Dole a sa supa, don in babu fosfaros a ƙasa ƙwayoyin ba sa yin ƙarfi, kuma gona mai jigawa da ta gaji sai an taimaka mata da takin gargajiya. Garin kuma na waken suya ne kawai, ba a sa wa gyaɗa ko masara. Ribar masara sai baɗi, in aka shuka ta inda waken ya tashi tana samun ɗan saura, wuta-wuta ma tana raguwa, musamman in ba a kwashe ganyen da karan duka an kai wa dabbobi ba.

Don haka ga abin da nake so ka amince min. Yuriyar duka ta tafi ga masara, ɓangaren wake a sayi supa da Nodumax da iri mai kyau cikin su TGx ɗin nan, wato ingantattun irin waken suya na IITA, abin da ya rage a ajiye na noma da feshi. Zan bar kunya biyar a gefe ba tare da garin ba, in turo maka hoton saiwar duka ɓangarorin a WhatsApp ka kwatanta da kanka, lokacin girbi kuma a auna kowanne daban.

Ka ba ni amsa cikin satin nan don Allah, so nake a shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli da zarar ruwa ya zauna, kuma garin nan in damina ta kankama wahalar samu yake yi a shaguna. In ka je Umara ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum.